Me ya sa ake ta yabon Loveless, alhali sautinsa kamar kaset mai ja?

"Assalamu alaikum. Ina haɗa kiɗa a kwamfuta da manhajar FL Studio, kuma kwanan nan na fara koyon jita. Duk inda na duba jerin fitattun albam na Turawa sai in ga Loveless na ƙungiyar My Bloody Valentine a sahun gaba. Da na saurara sai na ji kamar kaset ne a rediyon da batirinsa ya yi sanyi: sauti na ja, murya ba ta fita, ganga can ƙasa. Shin abin da na sauke ne ya lalace, ko haka aka yi shi? In haka aka yi shi, ta yaya, kuma me ya canza har ake maganarsa bayan shekara 30?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da ka sauke lafiyarsa ƙalau. Jan da ka ji, da nutsewar murya, da laushin ganga, duk da gangan aka yi su, kuma an shafe fiye da shekara biyu ana gyara su har suka zauna haka. Tambayarka ta kasu gida biyu: yadda aka samar da wannan sauti, da kuma dalilin da ya sa ya bar zuriya. Zan fi daɗewa a kan ta farko, domin wanda ya gane yadda aka yi aikin ba zai sha wahalar gane tasirinsa ba, kuma ita ce za ta fi yi maka amfani a gaban kwamfutarka.

Su wane ne, kuma yaushe

An kafa My Bloody Valentine a Dublin ta ƙasar Ayalan a 1983, daga baya suka koma Landan. Lokacin Loveless su huɗu ne: Kevin Shields da Bilinda Butcher a jita da murya, Debbie Googe a bes, wato jita mai kaurin sauti, sai Colm Ó Cíosóig a ganguna. Suna ƙarƙashin Creation Records, ƙaramin kamfani mai zaman kansa na Alan McGee. Albam ɗinsu na 1988, Isn't Anything, shi ya fara jawo musu hankalin jama'a. Suka shiga situdiyo a watan Fabrairun 1989 domin yin na gaba, wato Loveless, kamfani na zaton aikin ba zai ɗauki lokaci ba. Bai fito ba sai ranar 4 ga Nuwamban 1991, bayan an bi ta situdiyo 19. Waƙoƙi 11 ne, tsawonsu kusan minti 48.

Ba daga sama suka faɗo ba. Kafin su, The Jesus and Mary Chain sun riga sun lulluɓe waƙoƙi masu daɗi da ƙarar jita a Psychocandy na 1985, Cocteau Twins sun mai da murya abin da ake ji ba tare da an tsinci kalmomi ba, Sonic Youth a Amurka kuma suna ɗaure tsirkiyoyin jita ta hanyoyin da ba a saba ba. Shields ya kuma saurari yadda masu hip-hop irin su Public Enemy ke yanko sauti su jera shi da na'ura. Abin da ya ƙara a kan duk wannan yana hannunsa na dama.

Inda jan yake fitowa

Jitar da Shields ya fi kaɗawa ita ce Fender Jazzmaster da 'yar'uwarta Jaguar. Duka biyun suna da wani dogon hannu na ƙarfe a gindin tsirkiyoyi, wanda in ka danna shi tsirkiyoyin su saki, sauti ya sauka, in ka sake shi ya dawo. Yawancin makaɗa sukan kaɗa, sannan su kai hannu su girgiza ƙarfen a ƙarshen layi domin ado. Shields yana riƙe shi a tafin hannu a duk tsawon kaɗawa. Ya naɗa tef a gindinsa don kada ya shige ramin gaba ɗaya, sai ya tsaya a sama, sako-sako, yana bin hannu. Saboda haka duk sa'ad da hannu ya sauka a kan tsirkiyoyi, kod ɗin, wato sautukan da aka kaɗa tare, yakan ɗan nutse ƙasa sannan ya taso. Wannan shi ne jan da ka ji.

Ga dalilin da ya sa yake cika kunne haka. Tsirkiyoyin jita shida kaurinsu da ƙarfin ɗaurinsu ba ɗaya ba ne, don haka in ka danna ƙarfen ba sa sauka daidai da juna. Wata ta sauka da yawa, wata kaɗan. Sautuka biyu da suka kusa zama ɗaya amma ba su kai ba sukan yi karo, kunne ya ji wani bugu a tsakaninsu: in ɗaya yana kan 440 Hz, wato girgiza 440 a daƙiƙa, ɗayan yana kan 436 Hz, za ka ji bugu huɗu a kowace daƙiƙa. Shields kuma yakan ɗaure tsirkiyoyi biyu a kan sauti ɗaya ko masu kusanci, don karon ya yawaita. In wannan ya shiga amfilifayar da aka ƙure, irin Marshall ko Vox, sai ta haifi wasu sautukan da babu wanda ya kaɗa su. Mutane suka ɗauka jita ɗari aka jera. Shields ya sha faɗin cewa layukan jita a albam ɗin kaɗan ne, kuma bai dogara da na'urorin nan masu kaɗa sauti da kansu irin koras da filanja ba. Bambancin a bayyane yake: na'ura tana kaɗa sauti a kan ma'auni ɗaya da ba ya sauyawa, kunne ya gane shi cikin daƙiƙa kaɗan ya daina kula. Hannun mutum ba ya maimaita kansa daidai.

Abu na biyu shi ne amsa-amo na baibai, wanda yake samu daga na'urorin Yamaha SPX90 da Alesis Midiverb II. Amsa-amo na yau da kullum yana farawa da ƙarfi ya mutu a hankali, shi ya sa yake ba da jin faɗin ɗaki. Na baibai yana farawa a hankali, ya kumbura, ya yanke. Abin da yake yi wa jita shi ne ya goge bakin sautin, wato wannan "tas" da ake ji lokacin da abin kaɗawa ya taɓa tsirkiya. In babu bakin, ƙwaƙwalwa ba ta iya cewa ga inda kod ya fara, sai ta ji sauti na kwarara. Ka lura, Loveless ba shi da dogon amsa-amo mai yawa. Sautinsa a bushe yake, a kusa da fuska. Wannan ne abin da masu kwaikwayo suka fi ɓatawa.

Na uku, samfula, wato na'urar da ke ɗaukar guntun sauti a sake kaɗa shi. Da yawa daga cikin abin da za ka ɗauka sarewa ce ko madannin piyano a saman waƙoƙin, kukan jita ne, wannan da take yi in an kusanta ta da lasifika. Sun ɗauki kukan a na'urar Akai, suka mai da shi abin kaɗa karin waƙa. A waƙar farko, Only Shallow, wannan ƙarar mai kama da haniniya an same ta ne da amfilifaya biyu suna fuskantar juna, kowace tana karkarwa da saurin da ya bambanta, makirfo a tsakiya, sannan aka juya abin da aka ɗauka aka sa a samfula.

Gangar da ka ce tana can ƙasa tana da nata labarin. Ó Cíosóig ya yi fama da rashin lafiya a lokacin aikin, don haka aka ɗauki bugunsa guntu-guntu aka jera da na'ura. Waƙoƙi biyu kawai ya buga kai tsaye, Only Shallow da Come in Alone. Waƙar Sometimes ba ta da ganga ma sam. Bes kuma Shields ne ya kaɗa da kansa, kamar yadda ya kaɗa kusan dukkan jitar da ke ciki. A taƙaice albam ɗin aikin mutum ɗaya ne da muryoyi biyu, da taimakon injiniyoyi da dama, wanda Shields ya fi yarda da shi a cikinsu shi ne Alan Moulder.

Murya ita ce za ta fi ba mai sauraro Bahaushe wahala, don mun tashi da waƙar da kalma ce kan gaba, kiɗa na rakiya. A nan an juya lamarin. An ɗauki muryoyin a tsakiyar 1991, Shields da Butcher suka rufe gilashin da ke tsakaninsu da injiniya da labule don kada a kalle su. Suna rerawa a hankali, sau da yawa, sannan maimakon a zaɓi ɗauka ɗaya mai kyau sai a kunna fiye da goma a tare. Ƙananan saɓanin da ke tsakanin ɗaukan suna yi wa murya abin da ƙarfen nan yake yi wa jita. Sai aka ajiye ta daidai da tsayin jita, ba a samanta ba. Ba a buga kalmomin waƙoƙin a jikin faifan ba. Akwai wuraren da ba za ka iya rantsewa namiji ne ke rerawa ko mace ba, kuma haka suke so.

Wani abu da ba kowa ke lura ba: kusan komai a tsakiya yake, kamar mono, wato sauti iri ɗaya a lasifikar hagu da ta dama. Ba a watsa jita ɗaya hagu ɗaya dama ba. Da aka cusa su wuri ɗaya sai suka narke cikin juna.

In kana son gwadawa

Da jita, fara da tsirkiyoyi masu ɗan kauri, lamba 11 zuwa sama. Jazzmaster tana da matsalar tsirkiya ta zame daga mazauninta ko ta riƙa zuzu in siririya ce kuma ana kaɗawa da ƙarfi, shi ya sa da yawa suke sauya mata gada, wato ƙarfen da tsirkiyoyi ke zaune a kai, da ta jitar Mustang. In jitarka irin Stratocaster ce za ta yi, amma hannunta gajere ne kuma ɗan taɓi kaɗan yake sauke sauti sosai, sai ka rage motsi. Sauke tsirkiya ta shida daga E zuwa D, ka bar biyun sama a buɗe suna kuka yayin da yatsunka ke yawo a na ƙasa. Riƙe ƙarfen tsakanin yatsu na ƙarshe da tafi, ka kaɗa daga gwiwar hannu. Kada saukar ta kai rabin mataki, wato tazarar sautin da ke tsakanin madanni da na kusa da shi a piyano. In ka raba rabin mataki gida 100, tsakanin 20 da 50 ya isa. In ta wuce haka mai sauraro zai ji kuskure ne kawai, in ba ta kai ba ba zai ji komai ba.

Jerin na'urori yana da muhimmanci ƙwarai. Amsa-amo na baibai ya fara, sannan abin dagula sauti ya biyo, fuz ne ko amfilifayar da aka ƙure. A haka fuz zai matse kumburin ya mai da shi bango ɗaya. In ka juya jerin, za ka sami jita mai ƙara da inuwa tana bin ta a baya, wanda sauti ne daban kuma ba shi kake nema ba. Sa tsawon amsa-amon gajere, ƙasa da rabin daƙiƙa, ka ɗaga shi har ya kusa rufe asalin sautin.

A FL Studio, ko da jitar manhaja kake aiki, za ka iya kusantar abin. Kada ka bar wa LFO, wato abin da ke kaɗa sauti da kansa a kan ma'auni ɗaya, aikin jan sauti. Zana layin sauka da tashi da hannunka, ko ka ɗauke shi da ƙafar lanƙwasa sauti ta madannai, ka bar shi da 'yan kurakuransa. Mafi kyau ma ka raba kod ɗin gida biyu, sautukan ƙasa a layi ɗaya na sama a wani, kowanne da zurfin jansa, sannan ka tura su cikin fuz guda. Nan ne karon da na bayyana zai fito. In ka ja su duka daidai da juna, za ka sami kaset mai ja kawai, babu kauri.

Abin da na fi gani yana lalata irin wannan haɗi abu uku ne. Na farko yawan layuka: mutum ya jera jita takwas yana neman girma, sai sautin ya ƙanƙance, domin kowane layi yana cinye motsin ɗan'uwansa. Biyu ko uku sun isa. Na biyu cunkoso tsakanin 200 da 400 Hz, inda jita da bes da ƙasan murya suke haɗuwa. Yanke jita daga 80 ko 100 Hz zuwa ƙasa ka bar wa bes wurin, ka ɗan rage cunkoson a layi ɗaya kawai, kada ka rage a duka don a nan ɗumin yake. Na uku kaifi tsakanin 2,000 da 4,000 Hz, wanda fuz ke tarawa har kunne ya gaji cikin minti biyu. In ka ɗan sassauta shi a jita, murya za ta sami ƙofar fitowa ba tare da ka ɗaga ta ba. Bayan haka ka danna mono ka saurara. In jitar ta ɓace ko ta yi rauni, layukanka suna kashe juna.

Kafin duk wannan, ka kaɗa waƙarka a jita ba wuta. In ba ta tsaya ba a haka, fuz ba zai tsayar da ita ba. A 2007 wata ƙungiya ta Amurka mai suna Japancakes ta sake kaɗa Loveless gaba ɗayansa ba murya, ba dagulallen sauti, kuma karin waƙoƙin ya fito sarai. A ganina wannan ita ce hujja mafi ƙarfi cewa a ƙarƙashin hayaniyar akwai waƙoƙi masu sauƙi da aka gina da kyau.

Ka kuma kula da kunnenka. Ma'aunin da masana lafiyar ma'aikata ke amfani da shi shi ne awa 8 a ƙarfin sauti na desibel 85, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu, ta yadda a desibel 100 minti 15 ne kawai. Shields kansa yana fama da ƙarar kunne, kuma da ƙungiyar ta dawo wasa a 2008 sai da aka riƙa raba abin toshe kunne a ƙofa.

Abin da ya biyo baya

A kasuwa albam ɗin bai yi abin a zo a gani ba. Ya tsaya a lamba 24 a jerin Birtaniya, makonni kaɗan bayan Nevermind na Nirvana ya fito ya mamaye ko'ina. An yi ta yaɗa cewa ya ci fam 250,000 har ya kusa durƙusar da Creation. Shields ya musanta, ya ce kuɗin bai kai haka ba. Abin da ba a jayayya a kai shi ne McGee ya rabu da su bayan fitowarsa, suka koma Island Records a 1992, kuma ba su sake fitar da albam ba sai m b v a watan Fabrairun 2013, bayan fiye da shekara 21. Salon da 'yan jaridar Ingila suka laƙaba wa suna shoegaze, wanda ya haɗa da Ride da Slowdive da Lush, shi ma ya dushe a tsakiyar shekarun 1990 da Oasis da ire-irensu suka karɓe fage. Oasis ɗin ma a Creation suke.

Tasirin ya bi ta hannun masu sana'a ne kafin ya kai ga jama'a. Billy Corgan ya ɗauko Alan Moulder ya haɗa masa sautin Siamese Dream na Smashing Pumpkins a 1993, Moulder ya kuma yi aiki a The Downward Spiral na Nine Inch Nails a 1994. Ta nan kaurin jitar ya shiga faya-fayen da suka sayu da miliyoyi. Mogwai na Glasgow suka ɗauki ɓangaren ƙarar da dogon gini. Masu kiɗan kwamfuta suka ɗauki wani ɓangaren: Fennesz na Ostiriya a Endless Summer na 2001 yana niƙa jita a kwamfuta har ta zama ƙura amma karin waƙa na nan a ciki, M83 na Faransa kuma suka yi bangon da madannai. A 2003 Sofia Coppola ta sa Sometimes a fim ɗinta Lost in Translation, Shields ya rubuta wa fim ɗin sababbin kiɗa, mutane da yawa ta nan suka fara jin sunansa.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne inda ya kai da ba a zata ba. Masu kiɗan metal mafi tsanani, wato kiɗan jita mai nauyi da ƙara, suka gane cewa ƙararsu da ta Loveless dangin juna ne, sai ga Alcest a Faransa da Deafheaven a Amurka da Sunbather na 2013. A Japan a shekarar 2013 ƙungiyoyi irin su Boris da Shonen Knife suka haɗu suka sake rera albam ɗin a faifan da aka kira Yellow Loveless. A 2021 wani matashi a Koriya ta Kudu mai amfani da sunan Parannoul ya fitar da To See the Next Part of the Dream, wanda ya haɗa a ɗakinsa, mafi yawansa da kayan kiɗa na manhaja, kuma ya zagaya duniya ta intanet. Wannan ya shafe ka kai tsaye: abin da ya ci situdiyo 19 yanzu ana kusantarsa da irin kayan da ke gabanka. A shekarar ce kuma kamfanin Domino ya sa waƙoƙin ƙungiyar a manhajojin sauraro, sabbin matasa suka same su.

Abin da duk waɗannan suka gada shi ne izini guda biyu. Jita za ta iya zama shimfiɗar sauti wadda ba a jin yatsun mai kaɗa ta, kuma murya za ta iya zama ɗaya daga cikin kayan kiɗa. A yau furodusa da bai taɓa jin sunan Shields ba yana nutsar da murya cikin madannai masu ja, ba wanda zai ce masa ya yi kuskure.

Ba zan ce maka albam ɗin ba shi da aibi ba. Ganga a wasu waƙoƙin siririya ce, kuma ƙorafinka a kanta yana da tushe. Bes ba ya duka a ƙirji yadda wanda ya saba da kiɗan rawa zai so. Akwai masu kunne nagari da suka saurare shi sau da yawa bai kama su ba, kuma bayani irin nawa ba ya sa mutum son abin da bai so. Bayanin na'urori ma iyakarsa ke nan: zai kai ka kusa, sauran kuma awannin da hannunka zai yi da ƙarfen ne.

Amma kafin ka yanke hukunci, sauya yadda kake sauraro. Lasifikar waya tana zubar da ƙasan sautin ta bar maka kaifin kawai, wanda shi ne mafi munin abin da za a yi wa wannan faifai. Sa shi a lasifikar situdiyonka ko abin kunne mai rufe kunne duka, da matsakaicin ƙarfi. Fara da When You Sleep, don karin waƙarta a fili yake, sai Sometimes, sai Soon mai bugun rawa a ƙarshen albam ɗin. Bar To Here Knows When sai daga baya, ita ce ta fi kowace ja da narkewa. A sauraro na farko bi murya kawai ka yi ƙoƙarin rera karin da bakinka. A na biyu ka bar murya, ka bi jita, ka ƙirga inda kod yake nutsewa a kowane layi, sannan ka buɗe FL Studio ka zana wannan layin a kan kod biyu na waƙarka.